Wa Muke Yi Wa Karatu? Darasi a Kan Niyya da Himma

   

Abin da ya jawo wannan darasi

A cikin hunturun da ya wuce malamin ajinmu ya yi tafiya ƙauyensu saboda rasuwa, ya yi mako biyu. Kafin ya tafi ya yanka mana hadda, ya ce mu riƙa haɗuwa bayan sallar asuba kamar kullum, muna yi wa juna tilawa. Ranar farko kowa ya zo. Rana ta uku benci ya fara sauƙi. Kafin mako ya zagayo, masu zuwa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Ba za mu ɓoye ba, mu masu wannan rubutu muna cikin waɗanda bargo ya riƙe. Sanyi ne, ga ƙura, ga ba wanda zai tsaya a ƙofa da bulala.

Da malam ya dawo ya saurari haddarmu, mun zaci ranar jiki zai gaya mana. Bai taɓa kowa ba. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Ashe ni kuke yi wa karatu?" Wallahi da dukanmu ya yi da ya fi mana sauƙi. Wani abin da ya ƙara ba mu kunya shi ne, 'yan kaɗan ɗin da suka kawo haddarsu cikakkiya ba su ne masu kaifin ƙwaƙwalwar ajin ba. A cikinsu har da wadda sai ta je ɗiban ruwa da galan kafin ta zo.

Tun daga ranar tambayar nan take bin mu. Yawancinmu muna da shekara 16 zuwa 18, mun kusa barin gaban malam. Nan gaba kaɗan ba mai tashe mu, ba mai duba allonmu ko littafinmu. To, a lokacin me zai sa mu ci gaba? Amsar da muka samu ita ce muke so mu raba da ku.

Kalmomi huɗu da ya kamata mu rarrabe

Ta farko buri. Buri shi ne abin da rai ke so ya samu: in zama babban malami, in je Madina, in sayi mota. Kowa yana da shi, kuma ba ya cin kuɗi, don a kwance ma ana yinsa.

Ta biyu manufa. Ita ce inda mutum ya sa gaba, wuri sananne da zai iya faɗa da baki, ya kuma san hanyarsa. Wanda ya ce "ina so in yi ilimi" buri ya faɗa. Wanda ya ce "ina so in iya rabon gado sosai, don danginmu su daina faɗa a kan fili in an yi rasuwa" ya faɗi manufa.

Ta uku niyya. Ita ce dalilin da ke cikin zuciya, wato don wa da don me ake aikin. Mutum biyu za su zauna a benci ɗaya, littafi ɗaya, malami ɗaya, amma niyyarsu ta sha bamban. Ba banza ba Imamu Buhari ya buɗe Sahihinsa da hadisin niyya wanda Sayyidina Umar ya ruwaito, Imamu Nawawi ma da shi ya buɗe Arba'una. Duk mun haddace shi tun muna ƙanana, amma sau da yawa muna tsayar da shi ga alwala da salla da azumi, mu manta karatu ma aiki ne.

Ta huɗu himma. Ita ce ƙarfin da ke ɗaga mutum daga tabarma ya je ga aikin, yau da gobe da jibi. A littafin Ta'alimul Muta'allim na Shehu Zarnuji, wanda ake karantarwa a makarantu irin tamu, fasali na 2 a kan niyya yake, na 5 kuma a kan ƙoƙari da naci da himma. Jerin nan yana da hikima: niyya ce ke zuwa da farko, ita ke haifar da himma. Hausawa sun ce himma ba ta ga rago, mu kuma muka lura ba ta daɗewa ga wanda bai san dalilin aikinsa ba.

Abubuwa uku da ke tura ɗalibi

Na farko tsoro. Da yawanmu da shi muka fara: tsoron bulalar malam, tsoron faɗan baba, tsoron a yi mana dariya. Ba mu raina shi ba, don yaro ɗan shekara 6 bai san amfanin baƙi da wasali ba, sai an tura shi. Amma tsoro yana aiki ne muddin mai tsoratarwa yana kusa. Abin da mako biyun nan ya nuna mana ke nan.

Na biyu kwaɗayi: kyautar musabaƙa, sabon kaya ranar walima, a kira sunanka a lasifika, a ce ɗan wane ya yi na ɗaya. Wannan ya fi tsoro daɗi, kuma gasa cikin alheri abu ne mai kyau. Sai dai yana da tarko. Wani malaminmu na boko ya ba mu labarin gwajin da masana halayyar ɗan Adam suka yi a Amurka a 1973, a jami'ar Stanford. Sun samu yara ƙanana masu son zane da kansu. Wasu aka yi musu alkawarin takardar yabo in sun yi zane, wasu ba a yi musu alkawarin komai ba. Bayan kwanaki aka sake ajiye musu kayan zane ba tare da kyauta ba, sai aka ga waɗanda aka yi wa alkawari sun rage sha'awar zanen fiye da sauran. Abin da suke yi don so ya koma aikin lada. Mu ma mun ga irinsa a nan. Akwai wanda ke kwana yana tilawa in musabaƙa ta matso, in an gama rabon kyauta sai mushafi ya hau kan kabad har wata shekara. Malamanmu sun daɗe suna yi mana kashedi a kan riya, kuma ko a nan duniya ana ganin asararta: karatun da aka yi don idon mutane yana tsayawa ranar da ido ya kau.

Na uku shi ne abin da ke fitowa daga ciki: mutum ya san don Allah yake yi, ya san wa zai amfana da abin da yake koya, har ya fara jin daɗin karatun kansa. Wannan ne kaɗai ke bin mutum har inda ba malami, ba kyauta. Shi muke nufi in mun ce himmar zuciya.

Misali daga cikin gidajenmu

Ba sai mun je nesa ba. Ku dubi iyayenmu mata masu yin man kaɗanya a unguwar nan da kewayenta. Da damina ake tsinto 'ya'yan kaɗanya, a dafa, a shanya, a fasa ɓawo. Sannan a daka ƙwayar, a soya, a kai inji a niƙa. Sai aiki mafi wuya: a zauna gaban babban baho ana bugun ƙullin da hannu, ana ƙara ruwa, har mai ya taso fari a sama. A kwashe, a wanke, a dafa a kan wuta, a tace, a bar shi ya daskare. Duk wanda ya taɓa taya mamarsa ya san yadda kafaɗa da baya ke yi da dare.

Wa ke tsaye a kansu da bulala? Babu. Wa ke ba su kyautar na ɗaya? Babu. Amma ka tambayi kowace a cikinsu don me take yi, ba za ta yi inda-inda ba: kuɗin littafin wane, takalmin wance, tuwon dare. Ta san fuskar wanda take yi dominsa, shi ya sa ko zafin watan Maris bai hana ta zama gaban wuta. Mu da ake wannan wahala dominmu, in aka tambaye mu don me muke karatu, da yawa sai mu sosa ƙeya.

Misali daga malaman da suka gabata

A ƙasarmu akwai Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda wasu ke kira Imam Umaru ko Alhaji Umaru Salaga. An haife shi a Kano wajen 1858, ya yi karatu a ƙasar Hausa, har da Sakkwato. Mahaifinsa yana fatauci, shi ma ya bi hanyar fataken goro zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, a lokacin da take babbar kasuwa. Ya zauna can yana karantarwa. A 1892 yaƙin basasa ya tashi a Salaga, gari ya watse, fatake da malamai suka bazu. Alhaji Umaru ya koma Kete Krachi, ya zama limami, ya ci gaba da koyarwa da rubutu har ya rasu a 1934. Ya yi rubutu da Larabci da Hausa: waƙoƙi, tarihi, har da littafi a kan yadda ake rubuta wasiƙa. Almajiransa sun watsu a zangogin ƙasar nan.

Abin lura a rayuwarsa shi ne, garin da ya zaɓa ya rushe a gabansa, Turawa suka zo suka raba ƙasar tsakanin Jamus da Ingila, komai ya juye, amma aikinsa bai tsaya ba. Da kasuwar Salaga ce dalilin karatunsa, da karatun ya mutu tare da kasuwar. Tsohon garin Kete Krachi ma ruwan tafkin Volta ya cinye shi bayan gina madatsar Akosombo, amma ga shi har yau muna ambaton malamin.

'Yan'uwanmu mata kuma su dubi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta ga matan karkara ba su da hanyar zuwa gaban malamai, sai ta kafa tsarin 'Yan Taru: ta koyar da manyan mata da ake kira jaji, su kuma su kai karatun ƙauyuka. Manufarta a fili take, ta san su wa take so ilimin ya isa gare su.

Imamu Nawawi da muke haddar Arba'unarsa an haife shi a 631 bayan hijira, ya rasu a 676, wato shekara 45 kawai ya yi a duniya. Masu tarihinsa sun ce a Dimashƙa yana ɗaukar darasi 12 a rana. Riyadus Salihin da ake karantawa a masallatanmu bayan salla yana cikin abin da ya bari a wannan gajeren lokaci.

Kuma a nan Tamale kowa ya san Afa Ajura, wanda ya rasu a 2004, da 'yan yara kaɗan ya fara karantarwa a gida kafin abin ya zama makarantar Anbariyya. Haka malamai da yawa na kowane ɓangare suka fara, a zaure, da tabarma da fitila.

"Larabcin nan me zai ba ku?"

Wannan tambaya babu ɗayanmu da ba a yi masa ita ba, ko a kasuwar Aboabo ko a cikin yalo-yalo ko a gida. Tana da zafi, don akwai gaskiya a ciki: mutum sai ya ci abinci. Mun ga yayyenmu da suka ɗora duk zuciyarsu a kan samun gurbin karatu a Madina ko Azhar. Wanda Allah ya ba, madalla. Amma gurbin kaɗan ne, masu nema da yawa. Wanda jirgi ne manufarsa, in takarda ba ta fito ba sai ka ga ya zube, ya bar karatun gaba ɗaya, ya koma zaman benci da waya, wasu har caca ta ƙwallo ko ƙwaya ta ja su. Jirgi hanya ce. In aka rufe ta, mai manufa yana neman wata.

Kuma hanyoyin suna nan. Tun 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Gana, shi ya sa makarantu da yawa ke haɗa Larabci da boko. Tun 2017 sakandare ta zama kyauta. Jami'ar UDS da aka kafa a 1992 tana nan tare da mu. Ana buƙatar malamin Larabci da ya iya koyarwa, ana buƙatar nas da ta san yadda za ta yi da mace mai kunya, ana buƙatar ɗan kasuwa da ya karanta babin ciniki ya san haramcin tauye mudu, ana buƙatar makaniki da ba ya ƙarya a kan kayan gyara. Ilimin addini ba ya hana sana'a. Alhaji Umaru da fatake ya iso ƙasar nan.

Saboda haka amsarmu ga mai tambaya ita ce: karatun zai ba mu gwargwadon abin da muka nufa da shi. Wanda bai nufi komai ba, shi ne tambayar za ta kayar.

Yadda za mu kama aikin

1. Kowa ya rubuta manufarsa a jimla ɗaya a bangon littafinsa, ya ambaci wanda zai amfana. Misali: "Zan gyara karatuna don in koya wa ƙannena da mamata Fatiha da gajerun surori daidai." In ba ka iya rubuta ta ba, to ba ka same ta ba tukuna, ka ci gaba da tunani, ka tambayi malam.

2. A yanka ta ƙanana. Mushafin bugun Madina yana da shafi 604, kusan kowane shafi layi 15. Wanda ya haddace layi 5 a rana zai gama shafi a kwana 3, ya kai ƙarshe a cikin kimanin shekara 5. Arba'una hadisi 42 ne, ɗaya a mako bai kai shekara ba. Kalmar Larabci 3 a rana ta haura 1,000 a shekara. Da yayyafi kogi kan cika.

3. A ɗaure aikin da lokacin salla. "Zan yi in na samu lokaci" ba ya yiwuwa, mun gwada. Amma "bayan asuba kafin koko" ko "tsakanin magariba da lisha" yana zama, don sallar ba ta fashi.

4. Waya ta kwana nesa da kai. Yawancin fashin asuba da muka yi, daren jiya ne ya jawo shi, ba sanyi ba. Wanda ya kai ƙarfe 1 yana TikTok ba himma ce ta gaza masa ba, barci ne ya karɓi bashinsa.

5. Ka samu aboki ɗaya na tilawa, wanda zai gaya maka gaskiya in ka yi kuskure, ya kuma buga maka ƙofa in bai gan ka ba.

6. Ka koyar da abin da ka koya, ko da yaro ɗaya ne. Ranar da ƙaninka ya karanta sura daidai saboda kai, za ka ji wani daɗi da ba a saye a kasuwa, kuma daɗin nan shi ke ciyar da himma.

7. Ka riƙa duba niyyarka. Gwaji mai sauƙi: in da ba wanda zai taɓa sanin na yi wannan karatu, zan yi shi? In amsar a'a ce, kar ka bar karatun, niyyar za ka gyara.

8. In ka faɗi ka tashi. Himma tana hawa tana sauka. Wanda ya yi fashin kwana uku ya dawo rana ta huɗu bai yi asara mai yawa ba. Asara tana ga wanda kunya ta hana shi dawowa.

Uzuri, da roƙo ga iyayenmu

Kar wani ya karanta wannan ya ce duk wanda ya bar makaranta rago ne. A'a. Muna da abokai da rashi ya cire su: wani mahaifinsa ya rasu ya kama tuƙin yalo-yalo yana ciyar da ƙannensa, wata ta tafi Kumasi ko Akara ɗaukar kaya a kasuwa don ta taimaki gida. Wanda ya ɗauki nauyin gidansu da halal yana da manufa, wataƙila ma ta fi tamu ƙarfi. Abin da muke ce musu shi ne ƙofar karatu ba ta rufe ba. Akwai karatun dare, akwai darasin masallaci, kuma sannu ba ta hana zuwa. Mu da muke ciki, hakkinsu ne a kanmu mu neme su, kar mu wuce su a hanya kamar ba mu taɓa zama a benci ɗaya ba.

Iyayenmu kuma, Allah ya saka muku. Roƙonmu kaɗan ne. Bayan tambayar "na nawa ka zo?", ku ƙara da "me ka koya yau? karanta mini in ji." Ku gaya mana abin da kuke fata karatunmu ya gyara a gida da unguwa. Kuma a rage wa 'yan mata aiki a lokacin da suka ware don hadda, a raba ɗiban ruwa da maza. Yaron da ya ga ana buƙatar iliminsa a gida ba ya jiran bulala.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin buri da manufa? Kawo misali daga rayuwarka.
2. Me ya sa tsoro da kwaɗayi ba sa riƙe ɗalibi har ƙarshe?
3. Wane darasi muka ɗauka daga ƙaurar Alhaji Umaru daga Salaga?
4. In kana haddace layi 10 a rana, kwana nawa za ka yi kafin ka gama shafi 20?
5. Rubuta manufarka, ka nuna wa abokin tilawarka, ku sake dubawa tare bayan wata uku.

Kammalawa

Hutu yana gabanmu, kuma hutu shi ne irin wancan mako biyun, sai dai ya fi tsawo. Mu 'yan aji mun yi alkawari a tsakaninmu za mu riƙa haɗuwa bayan asuba kwana huɗu a mako, ba tare da an sa mu ba. Mun rubuta shi a nan ne don jama'a su zama shaida, duk wanda ya gan mu muna yawo a lokacin yana da izinin ya tuna mana. Malam, mun ji tambayarka, muna fatan in an dawo haddarmu ce za ta ba ka amsa.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma namu ne, malamai su gyara mana. Allah ya tsarkake niyyarmu, ya ƙarfafa himmarmu, ya ba mu ilimi mai amfani. Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, ya ƙara wa na raye lafiya, ya sa albarka a neman iyayenmu, ya zaunar da Jisonayili da Tamale da ƙasarmu Gana lafiya. Amin.